HAƊIN RAMI DA HARSHE A SANA'AR KAFINTA: YADDA AKE DAIDAITA SHI DA YADDA AKE MANNE SHI

Gabatarwa

Akwai ajujuwa da ofisoshi da ɗakunan shan magani da yawa a ƙasar nan inda za a tarar da kujeru da bencina jibge a kusurwa, katakonsu lafiya lau, gara ba ta taɓa su ba, amma ba mai iya zama a kansu. In aka duba da kyau, sai a ga aibinsu ɗaya ne, watau gurin da aka haɗa ƙafa da katakon gicciye ya saki. Kuɗin da aka kashe ya tafi a banza, yara sun koma zama a ƙasa, kafintan da ya yi aikin kuma sunansa ya ɓaci.

An shirya wannan bayani domin kafintoci, da masu koyon sana'a, da malaman koyar da aikin hannu, da kuma waɗanda aka ɗora wa nauyin sayen kayan katako. Abin da ya ƙunsa shi ne wannan: ƙarfin haɗi daga daidaituwarsa yake fitowa. Aikin gam shi ne ya riƙe abin da ya riga ya zauna daram, ba ya gyara abin da awo da zarto suka ɓata.

1. Mene Ne Haɗin Rami da Harshe?

Hanya ce ta haɗa katako biyu, yawanci ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye. Akan haƙa rami mai kusurwa huɗu a jikin na tsaye, sa'an nan a sassaƙe kan na gicciye har ya fitar da harshe daidai da wannan rami. Faffaɗan gefuna biyu na harshen su ne kumatunsa. Gurin da aka rage katako a gindin harshen, wanda yake dafe jikin na tsaye, shi ne kafaɗa.

Kowannensu da aikinsa. Harshe yana ɗaukar nauyi, yana kuma hana katakon juyawa. Kumatu su ne inda gam yake kamawa. Kafaɗu kuwa su ke hana aikin karkata sa'ad da mutum ya jingina da kujera ko ya ja tebur. Saboda haka ne ake amfani da wannan haɗi a ƙofofi, da tagogi, da tebura, da gadaje, da kujeru.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. An same ta a jikin katakon wasu rijiyoyi kusa da birnin Laifzig na ƙasar Jamus, da kuma a kufan Hemudu a ƙasar Sin, dukansu shekarunsu wajen 7,000. Jirgin ruwan Fir'auna Kufu, wanda aka tono kusa da babbar dalar Giza a Masar a 1954, da irin wannan haɗi da igiyoyi aka harhaɗa katakonsa shekara wajen 4,500 da suka wuce.

Haɗin iri biyu ne manya. Akwai mai ɓullewa, inda harshen yake ratsa katakon ya fito ta bayansa, kamar yadda ake yi wa ƙofofi. Akwai kuma ɓoyayye, inda harshen yake tsayawa a ciki ba a ganinsa, kamar a ƙafafun tebur.

2. Bushewar Katako

Kafin a ɗauki zarto, sai a fara duba katakon. Itace yana shan laima daga iska, yana kuma fitar da ita. In ya sha sai ya kumbura, in ya fitar sai ya tsuke. Wannan motsi a faɗinsa da kaurinsa yake faruwa. A tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi ko kaɗan. To, a haɗin rami da harshe jijiyar katako ɗaya a gicciye take da ta ɗayan, don haka duk lokacin da yanayi ya sauya, akwai ja-in-ja a cikin haɗin.

Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai a Nijeriya. Yawancin katakon da ake aiki da shi, kamar su loko da afara da obece, daga dazuzzukan kudu yake fitowa, inda iska take da laima kusan duk shekara. Katakon da ya bushe a iskar Legas ko Sapele ko Fatakwal, ruwan da ya rage a jikinsa yakan kai wajen kashi 16 zuwa 18 cikin 100. In aka kai shi Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, hunturu ya same shi, yana iya sauka zuwa wajen kashi 5 ko 6. A wasu irin itatuwa, katako mai faɗin milimita 300 yana iya tsukewa da milimita 5 ko fiye. Harshen da ya cika raminsa da damina sai a ga yana rawa a watan Janairu.

Saboda haka kamata ya yi a kiyaye waɗannan:

(a) Kada a yanka haɗi a ɗanyen katako, kome gaggawar mai aiki.

(b) A jera katako a inuwa, nesa da ƙasa, a sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane jeri domin iska ta ratsa. Shanya shi a rana tsaka yana sa shi tsagewa da tanƙwarewa.

(c) Katakon da aka kawo daga kudu a bar shi ya saba da iskar garin da za a yi amfani da kayan. Kafintan da yake aiki a Ibadan ko Agege, in kayan arewa za su, ya nemi mafi bushewa da zai samu.

(d) Wanda ba shi da na'urar awon laima yana iya yanke guntu ya riƙa auna nauyinsa kowane mako. In nauyin ya daina raguwa, katakon ya daidaita da iskar gurin.

3. Awo da Zane

A fara kankare katakon har fuskokinsa su miƙe, kusurwoyinsa su tsaya daidai da sukwaya. A zaɓi fuska ɗaya da gefe ɗaya a kowane katako, a yi musu alama da fensir. Daga waɗannan biyu kaɗai za a riƙa ɗaukar awo har a gama. Mai ɗaukar awo yau daga gaba, gobe daga baya, zai tarar fuskokin aikinsa ba su haɗu ba.

Ƙa'idar da aka sani ita ce kaurin harshe ya zama kashi ɗaya bisa uku na kaurin katakon. Alal misali, katako mai kaurin milimita 19, harshensa milimita 6. Mai kaurin milimita 30, harshensa milimita 10. Mai kaurin inci ɗaya da rabi, watau milimita 38, harshensa rabin inci. In harshen ya cika siranta zai karye. In ya cika kauri, bangon ramin zai yi rauni ya tsage.

Faɗin harshe kada ya wuce kaurinsa ninki biyar. In katakon gicciye mai faɗi ne ƙwarai, kamar na ƙasan ƙofa, sai a raba harshen gida biyu a bar tazara a tsakani, domin faffaɗan harshe ɗaya ya fi tsukewa, kuma dogon rami yana raunana katakon tsaye. A ɓoyayyen haɗi, tsawon harshe ya kai wajen kashi biyu bisa uku na faɗin katakon da zai shiga.

In haɗin a ƙarshen katako yake, kamar a saman ƙofa, kada ramin ya kai har baki. Sai a rage faɗin harshen daga sama da wajen kashi ɗaya bisa uku, a bar masa ɗan guntun dunduniya wadda za ta shiga gajeren gurbi. Wannan dunduniya ita ke hana katakon murɗewa. Yana da kyau kuma a bar rarar tsawo a kan katakon tsaye domin kada ya tsage wajen haƙa, a yanke rarar bayan an gama.

Faɗin kurfi, wanda wasu ke kira cizal, shi ke yanke hukuncin faɗin rami. A ɗauki kurfin da ya fi kusa da awon da ake so, a saita ƙusoshin nan biyu na geji daidai da bakinsa, kana a ja layin rami da na harshe da wannan saiti ɗaya ba tare da an taɓa shi ba. Layin kafaɗa kuwa da wuƙa mai kaifi da sukwaya za a ja shi kewaye da katakon, domin layin fensir yana da kauri, na wuƙa kuwa yana ba zarto gurbin da zai bi.

4. Haƙa Rami

Rami ake fara yi kafin harshe. Dalili kuwa shi ne, rage harshe ya dace da rami abu ne mai sauƙi, amma gyara cikin rami ya dace da harshe da wuya yake.

A ɗaure katakon sosai a kan teburin aiki. A tsaya ta wajen kansa yadda ido zai ga ko kurfin a tsaye yake ko ya karkata. A fara daga tsakiya, a riƙa bugu da gudumar katako ana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa kowane ƙarshe, ana fitar da ɓarɓashi. A tsaya kamar milimita 2 kafin layin ƙarshe, sai an kai zurfin da ake so sa'an nan a sare wannan ragowar a tsaye. Ta haka bakin ramin ba zai lotse ba wajen ɓanɓaro ɓarɓashi.

In ramin mai ɓullewa ne, a yi zane a gefuna biyu, a haƙa rabi daga nan, a juya a haƙa rabi daga can. Wanda ya haƙa daga gefe ɗaya har ya ɓulle zai fasa bayan katakon. In ɓoyayye ne, zurfinsa ya fi tsawon harshe da milimita 2 ko 3, domin rarar gam ta sami gurin taruwa, kuma harshen kada ya taɓa ƙasa kafin kafaɗu su zauna.

Ana iya rage wahala ta hanyar huda jerin ramuka da mahudin da bai kai faɗin ramin ba, kana a gyara bango da kurfi. Ko da hannu aka yi ko da inji, abin da ake nema ɗaya ne: bangon rami ya miƙe sak, ya yi sumul.

5. Yanka Harshe

A fara da kumatu. A kafa katakon a karkace, a bi layi da zarto daga kusurwa ɗaya, a juya a bi daga ɗayar, sa'an nan a miƙe shi a sauka zuwa layin kafaɗa. Zarton ya bi ta gefen da za a zubar, yana shafar layin ba tare da ya cinye shi ba. Kaurin haƙoran zarto kaɗai ya isa ya mai da haɗi sako-sako in aka bi ta cikin layi.

Bayan haka a yanka kafaɗu. A nan ne ake bukatar natsuwa, domin in zarto ya zarce ya shiga jikin harshen, ya raunana shi a daidai inda nauyi ya fi yawa. A ƙarshe a ɗan daddaƙe kusurwoyin kan harshen da kurfi domin ya shiga ba tare da ya kankare gam daga bangon rami ba.

6. Gwaji Kafin a Sa Gam

Wannan shi ne matakin da masu gaggawa suka fi tsallakewa, alhali kuwa sauri ya haifi nawa. Lalle ne a harhaɗa aikin gaba ɗaya ba gam, a matse shi, a duba.

Haɗin da ya daidaita shi ne wanda harshensa yake shiga da ƙarfin hannu, ko da ɗan bugu mara ƙarfi na gudumar katako, kuma in aka ɗaga katakon tsaye, na gicciyen ba ya zamewa ya faɗi don nauyin kansa. In sai an yi ta dukansa kafin ya shiga, ya cika matsewa. Irin wannan yakan tsaga katakon tsaye, musamman da yake ruwan da ke cikin gam yana ɗan kumbura itace. Har wa yau yana share gam ɗin duka zuwa ƙasan rami ya bar kumatu a bushe. In kuwa yana rawa, ya yi sako-sako.

Domin a gane inda yake cijewa, a shafa fensir a bangon rami, a tura harshen, a zare. Inda baƙi ko ƙyalli ya bayyana, nan za a rage da kurfi mai kaifi, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa. A guji goge kumatu da samfefa a hannu, domin tana zagaye gefuna ta bar tsakiya a tudu.

In harshen ya yi siranta, ba a jefar da katakon ba, ba a kuma cusa masa takarda ko tsumma ko garin katako. Sai a manna siririn ɓawon katako a kumatunsa, jijiyarsa ta bi ta harshen, a bari ya bushe, a sake rage shi har ya dace.

A duba kafaɗu su zauna ko'ina ba tare da haske yana ratsawa ba. A sa wa kowane haɗi lamba, domin kada a rikita su sa'ad da gam yake jiƙe.

7. Irin Gam da Ya Dace

Farin gam na kafintoci shi ne aka fi amfani da shi, kuma ya isa ga kayan cikin ɗaki. A haɗin da ya daidaita, sau da yawa itacen ne yake fashewa kafin layin gam ya saki. Amma yana da iyaka biyu: ba ya cike giɓi da wani ƙarfi, kuma na yau da kullum ba ya jure ruwa. Ƙofar waje da taga da bencin da ruwan sama yake duka suna bukatar gam wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure ruwa, ko kuwa irin mai kashi biyu da ake haɗawa lokacin aiki.

Gam na fata, wanda ake dafawa daga fatu da ƙasusuwan dabbobi ana shafa shi da zafinsa, shi ne na kafintocin dā. Amfaninsa shi ne ana iya kwance shi da ɗumi da laima in ana son gyara, amma wannan hali shi ne rauninsa a ƙasa mai laima. Gam mai danƙo da ake manna fomaika ko takalmi da shi bai dace da wannan haɗi ba, domin yana kamawa tun kafin harshe ya kai gurbinsa, kuma ba ya sandarewa. Ƙaro ma bai dace ba, gama ruwa yana narkar da shi.

Kada a tsinka farin gam da ruwa don ya yi auki. Wanda ya daskare ko ya yi gudaji a zubar da shi. Itatuwa masu maiƙo kamar loko da tik, a goge kumatunsu da tsumma mai tina, a bari ya bushe, a sa gam nan da nan.

8. Shafa Gam da Matsewa

A shirya kome tukuna: ƙarafan matsi a buɗe daidai awo, guntayen katako na kare jikin aiki, guduma, tef, da jiƙaƙƙen tsumma. Farin gam yakan ba da minti 5 zuwa 10 kafin ya fara kamawa, da zafin bazara ko busasshiyar iskar hunturu kuwa lokacin bai kai haka ba. Saboda haka a yi aikin a inuwa, da safe ya fi. Babban aiki a raba shi: tebur, alal misali, a fara haɗa ƙafafu biyu-biyu da gicciyensu, su bushe, sa'an nan a haɗa ɓangarorin biyu.

A kakkaɓe ƙura. A shafa gam da ɗan siririn katako ko buroshi a bangon rami duka, a kuma shafa shi siriri a kumatun harshe. Kumatu ne abin kula, domin a nan jijiya take kwance a kan jijiya. Bakin yankan katako yana tsotse gam kamar soso, ba ya riƙewa sosai. Kada a tsiyaya gam a cika ɓoyayyen rami. In ba shi da mafita zai hana harshen shiga, in kuma aka tilasta shi da matsi yana iya fasa katakon.

A sa ƙarfen matsi daidai kan layin katakon gicciye, a ɗaure har kafaɗu su zauna, ɗan gam ya tsattsafo. Daga nan a tsaya, gama ƙarin matsi ba ya ƙara ƙarfi, lanƙwasa aikin kawai yake yi. Wanda ba shi da ƙarfen matsi yana iya kafa katako biyu a kan tebur ya matse aikin tsakaninsu da weji, ko ya zagaya igiya ya murɗa ta da sanda.

Tun gam bai kama ba, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a auna ɗaya ɓangaren kuma. In awon biyu ya zo ɗaya, aikin ya tsaya daidai. In ya bambanta, a ɗan karkata ƙarfen matsi ta wajen da ya fi tsawo har su daidaita. A kuma hango fuskar aikin daga gefe a tabbatar bai murɗe ba. A goge rarar gam sarai, domin inda ya bushe a fuskar katako banish ba ya shiga, sai tabo ya fito.

A bar aikin a matse aƙalla awa 1, in da hali fiye da haka. Kada a ɗora masa nauyi ko a ba da shi sai bayan awa 24.

9. Weji da Ƙusar Katako

A haɗi mai ɓullewa, ana ɗan faɗaɗa bakin ramin ta waje, a buga weji biyu masu gam, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ana bugunsu bi da bi. Ƙa'ida ita ce weji ya riƙa tura harshen ta wajen tsawon katakon tsaye. In aka sa shi yana tura bangon ramin ta gefe, zai tsaga katakon kamar yadda gatari yake faskare.

Wata dabara kuma ita ce a huda katakon tsaye ta cikin ramin, a sa harshen a yi masa alama, a zare, a huda shi kamar milimita 1 ko 2 kusa da kafaɗa fiye da alamar. In aka buga ƙusar katako mai tsini, busasshiya, mai miƙaƙƙiyar jijiya, sai ta jawo kafaɗar ta manne. Irin wannan haɗi yana tsayawa ko da gam ya gaji. Ƙusar ƙarfe ba ta yin wannan aiki. Tana iya tsaga harshe, tana tsatsa, motsi kuma yana faɗaɗa raminta.

10. Gyaran Haɗin da Ya Saki

Kujerar da ta fara rawa a gyara ta tun harshen bai karye ba. A zare ƙusoshi, a buɗe haɗin a hankali, a kankare tsohon gam duka har itace ya bayyana, domin sabon farin gam ba ya kama tsoho. A ƙara wa harshen kauri da ɓawon katako, a gwada, a manne. In harshen ya karye, sai a yanke shi, a haƙa rami a kan katakon gicciyen, a sa sabon harshe na daban mai shiga ramukan biyu.

11. Ga Masu Sayen Kaya

Shugabannin makarantu da ma'ajiya da duk mai karɓar kayan katako a madadin jama'a, kamata ya yi su rubuta a cikin yarjejeniya cewa da busasshen katako da haɗin rami da harshe za a yi aikin. Su nemi ganin samfuri guda kafin a sa masa gam da fenti. Wajen karɓa, a juya kujera a duba ƙarƙashinta, a dafa ta a girgiza. Kawunan ƙusa a kusurwa, ko giɓin da aka cike da garin katako da gam, alama ce ta aikin da ba zai daɗe ba. Araha ba ta ado, kujerar da za a sake saye baɗi ta fi kowace tsada.

Kammalawa

Busasshen katako, awo daga fuska ɗaya, rami kafin harshe, gwaji kafin gam, sa'an nan haƙuri har ya bushe: waɗannan biyar su ne sharuɗɗan haɗi mai ƙarko. Masu koyon sana'a su yi ta gwada hannunsu a kan guntayen katako har harshe ya riƙa shiga da ƙarfin hannu. Wanda ya ƙware kuma yana iya neman jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda take da mataki na uku da na biyu da na ɗaya, domin ya sami takardar shaida. Ana roƙon wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa abokan sana'arsa da yaran shagonsa.